Norwe: majami'un katako da kogin ƙanƙara a gaban mai ɗaukar hoto

Ranar 6 ga watan Yuni na shekarar 1992, wuta ta tashi a wata majami'a ta katako da ke Fantoft, a gefen birnin Bergen, cikin yammacin ƙasar Norwe. Kafin gari ya waye ginin ya zama gawayi, sai ƴan ginshiƙai baƙaƙe suka rage tsaye. Tun wajen shekarar 1150 aka sassaƙa itacen wannan majami'a, ke nan ya yi fiye da shekara 800 yana jure ruwa da iska da sanyi, sannan ya ƙare cikin dare guda. Bincike ya nuna cewa da gangan aka cinna wutar. Sa'ad da aka yanke shawarar sake tayar da ginin, abin da ya rage a hannun magina shi ne awo da zane-zane da hotuna. Da su aka yi aiki har aka kammala a 1997.

Wannan labari ya isa ya nuna nauyin da ke kan mai ɗaukar hoto a wannan ƙasa. A duk faɗin Norwe, majami'u 28 kaɗai suka rage daga irin wannan gini na zamanin da, alhali masana tarihi na ƙiyasta cewa an gina fiye da 1,000. Biyar daga cikin waɗanda suka tsira suna yankin Sogn: Urnes, Borgund, Hopperstad, Kaupanger da Undredal. A bayan duwatsun da suka kewaye su kuma akwai kogin ƙanƙara mafi girma a doron nahiyar Turai, wanda shi ma yake ja da baya. Itace yana ci da wuta kuma yana ruɓewa, ƙanƙara tana narkewa. Saboda haka hoton da aka ɗauka a wannan yanki, in dai an san ranarsa da wurinsa, yakan tashi daga abin sha'awa ya koma takardar shaida.

Ƙasar da teku ya shiga cikin duwatsu

Mai karatu da bai taɓa ganin wurin ba zai buƙaci kalmomi biyu. Ta farko ita ce fiyod. Dubban shekaru da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin gaske ta rufe arewacin Turai, tana tafiya sannu a hankali tana ƙwaƙule dutse, har ta haƙa kwaruruka masu zurfi. Da ta narke, ruwan teku ya kwararo ya cika su. Irin wannan kwari da teku ya mamaye shi ake kira fiyod. Mafi tsawo a Norwe shi ne na Sogn: kilomita 205 daga bakin teku zuwa ƙuryarsa, wato ya ɗan gaza nisan Maraɗi zuwa Damagaram, kuma zurfinsa a wani wuri ya zarce mita 1,300. Duwatsu ne tsaye hagu da dama, ƙauyuka kuma sun maƙale a ƴan filayen da ke tsakanin ruwa da gangare. Har cikin ƙarni na 20, jirgin ruwa ne babbar hanyar mutanen wurin.

Kalma ta biyu ita ce kogin ƙanƙara. A kan tsaunuka masu tsawo, dusar ƙanƙarar da ta zuba da hunturu ba ta narkewa duka da bazara. Ta bana takan hau kan ta bara, nauyi ya danne ta har ta zama ƙanƙara mai tauri, sannan ta riƙa gangarowa cikin kwaruruka, tafiyar da ido ba ya gani amma awo yana tabbatarwa. Na yankin Sogn sunansa Jostedalsbreen, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 460, kuma tun 1991 gwamnati ta mai da shi gandun da doka ke karewa.

Wanda ke son hoton Urnes, wadda ake lissafawa cikin mafi tsufa a majami'un, yakan shiga ƙaramin jirgin fito daga ƙauyen Solvorn, ya ƙetare wani reshen fiyod mai suna Luster cikin ƙasa da rabin awa, sannan ya hau gangare tsakanin gonakin ƴaƴan itace. Majami'ar tana can bisa tudu tana duban ruwa. Kogin ƙanƙarar kansa yana bayan tsaunuka, ba ya cika shiga hoto guda da ita. Abin da ke shiga shi ne launin ruwan: da bazara, rafukan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara suna ɗauko garin dutse mai laushi kamar tsaki, su zuba shi cikin fiyod, ruwan ya koma kore-kore mai haske. Wanda ya san wannan, in ya dubi hoton Urnes, zai ga hannun ƙanƙara ko da bai ga ita kanta ba.

Ginshiƙi, dutse da kwalta

Addinin Kirista ya kafu a Norwe cikin ƙarni na 11, zamanin sarki Olaf Haraldsson wanda aka kashe a yaƙin Stiklestad a 1030. Mutanen ƙasar jikokin Bikin ne, matuƙan nan na teku da suka gwanance wajen ƙera jirage, don haka itace ne abin ginin da suka fi sani. Majami'un farko da suka yi, sun kafa ginshiƙansu cikin ƙasa kai tsaye, kuma danshi ya riƙa cinye su. Daga baya magina suka sake dabara: su jera duwatsu, su kwantar da manyan gungume a kansu, sannan su tsayar da ginshiƙai bisa gungumen. Ta haka itacen bai taɓa ƙasa ba, kamar yadda ake ɗora rumbu kan duwatsu don kare hatsi. Ginshiƙin nan shi suke kira “stav” da harshensu, kuma daga gare shi sunan ginin ya fito.

Itacen da suka zaɓa shi ne furu, wanda ke girma a hankali cikin sanyi, zuciyarsa cike da ƙaro mai hana ruɓa. Daga saiwoyinsa da kututturansa kuma ake dafa wata irin kwalta mai ƙamshi, wadda ake shafa wa bango da rufi. Rufin kansa ƴan fale-falen katako ne da aka jera kamar ɓawon kifi. Rana da ruwa suna cin kwaltar, musamman a gefen kudu, saboda haka dole a riƙa sabunta ta bayan ƴan shekaru. Ginin da aka daina shafa wa kwalta ya kama hanyar mutuwa.

An sare itacen Urnes wajen 1130, amma a bangonta na arewa akwai wata ƙofa da ta girme ta, wadda aka ɗauko daga majami'ar da ta riga ta a wurin, ta wajen 1070. A jikin ƙofar an sassaƙa wata dabba mai dogayen ƙafafu tana cizon maciji, shi ma yana cizonta, rassa sirara sun nannaɗe su. Sassaƙar ta yi suna har masana suka sa wa salon ado na wannan zamani sunan Urnes. A 1979 hukumar Unesko ta saka majami'ar cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Yadda ɗaruruwa suka salwanta

Abubuwa da yawa suka haɗu suka rage yawansu. Annobar da ta shigo ta tashar Bergen a 1349 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ƙauyuka suka zama kufai, majami'unsu suka rasa masu kula. A 1537 sarkin Danmak, wanda ke mulkin Norwe a lokacin, ya ɗora ɗariƙar Luta a kan ƙasar, ibada ta sake tsari, aka fara neman kujeru da tagogi da mumbari a cikin ɗakunan da aka gina don mutane su tsaya a tsaye cikin duhu. A 1822 wuta ta kama majami'ar katako ta Grue ana cikin ibada, aƙalla mutum 113 suka mutu domin ƙofofin ciki suke buɗewa, kuma wannan ya sa jama'a suka ƙara tsoron tsofaffin gine-gine. Daga ƙarshe dokar 1851 ta ce tilas kowace majami'a ta iya zaunar da kashi uku cikin goma na jama'arta. Ƙananan majami'un da ba su iya ba, da yawa aka rushe su, aka sayar da katakonsu.

Mutumin da ya fara ɗaga murya mai zane ne, Johan Christian Dahl, haifaffen Bergen a 1788, wanda ke koyarwa a birnin Dresden na Jamus. A 1837 ya fitar da wani littafi mai ɗauke da zanen Borgund da Urnes da Heddal, domin Turai ta ga abin da ake shirin asara. A 1841, da ya ji za a rushe majami'ar Vang, ya saye ta a gwanjo. Bai samu inda zai kafa ta a ƙasarsa ba, sai sarkin Furusiya, Friedrich Wilhelm na huɗu, ya karɓe ta. Aka kwance ta gungume-gungume, aka kai ta wani ƙauye na kan tsaunuka, aka sake haɗa ta, aka buɗe a 1844. Wurin yau yana cikin ƙasar Polan, a garin Karpacz. A wannan shekara ta 1844 ne Dahl da abokansa suka kafa ƙungiyar kare kayan tarihi ta Norwe, wadda daga baya ta mallaki Borgund a 1877, Hopperstad a 1880 da Urnes a 1881, kuma har yanzu suna hannunta.

Abin lura a nan shi ne cewa ceton ya faro daga gani. Manomin Sogn yana ganin majami'arsa kullum, kuma a idonsa tsohon ɗaki ne mai duhu da sanyi. Sai da aka sa ta a takarda, aka kai ta gaban mutanen birni, sannan ta yi daraja. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma abin da alƙalamin mai zane ya fara, na'urar hoto ce ta ɗora a kansa.

Zamanin farantin gilashi

Daga cikin waɗanda suka fara yawo da na'urar hoto a yammacin Norwe, babu kamar Knud Knudsen, wanda aka haifa a Odda a 1832, ya buɗe shagonsa a Bergen a 1864, ya rasu a 1915. A farkon aikinsa babu fim. Farantin gilashi ake shafa wa wani ruwan magani mai suna kolodiyon, a saka shi cikin na'ura yana jiƙe, a ɗauki hoton, a wanke shi nan take kafin ya bushe, duka cikin kimanin minti 15. Ma'anar wannan ita ce mai hoto ba ya rabuwa da ɗakin duhunsa. Tanti, kwalaben magani, ruwa mai tsabta, akwatunan gilashi masu nauyi da saurin fashewa, duka sai an loda su a kwalekwale ko a bayan doki, a hau da su duwatsu. Sai a shekarun 1880, da busasshen faranti ya yaɗu, aikin ya yi sauƙi.

Maganin wancan zamani yana da wani hali da ya kamata mai duban tsofaffin hotuna ya sani: yana saurin kama shuɗi, yana jinkirin kama ja da ƙasa-ƙasa. Don haka sararin sama yakan fito fari fat ba gajimare, bangon da aka shafa wa kwalta kuma ya fito baƙi wuluk fiye da yadda yake. Baƙar majami'a a ƙarƙashin farin sama, wadda mutane da yawa suka ɗauka ita ce ainihin kamannin wurin, rabinta aikin magani ne.

Aikin kuma kasuwanci ne. A ƙarshen ƙarni na 19 jiragen ruwa masu tururi sun fara kawo baƙi daga Ingila da Jamus, har sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya mai da fiyod wurin hutunsa na bazara kusan kowace shekara daga 1889 zuwa 1914. Baƙin nan suna son abin da za su koma da shi gida, masu hoto kuma suna sayar masu. Axel Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya zagaya Norwe yana ɗauka don wannan kasuwa. Bayansa Anders Beer Wilse, wanda ya komo daga Amurka a 1900, ya bar hotuna kimanin 200,000. Farantan Knudsen fiye da 10,000 suna ajiye a ɗakin karatu na jami'ar Bergen. Abin da aka ɗauka don a sayar wa baƙo, shi ne yau masu bincike ke buɗewa.

Da hoto ya fara ba da umurni

Sai dai hoto bai tsaya ga adana majami'un ba, ya sa hannu cikin kamanninsu. Borgund, wadda aka gina wajen 1180 a kwarin Laerdal, ita ce ta fi kowace tsira da siffarta ta asali: rufi bisa rufi kamar hawa-hawa, baranda mai rufi da ta kewaye ta, da kawunan dodanni da ke leƙowa daga ƙololuwa. Ita aka fi zanawa, ita aka fi ɗauka, har ta zama abin da kowa ke tsammanin gani in an ambaci majami'ar katako.

Da aka zo gyaran sauran, wannan tsammani ya yi aiki. Hopperstad, a garin Vik, ta riga ta rasa barandarta da adonta na waje sa'ad da ƙungiyar ta saye ta. Mai tsara gine-gine Peter Blix, wanda ya jagoranci gyaranta a shekarun 1880, ya ɗauki Borgund a matsayin abin koyi, ya mayar mata da baranda da hasumiya da dodanni. Haka aka yi wa majami'ar Gol, wadda aka kwashe zuwa Bygdoy kusa da babban birni a tsakiyar shekarun nan. Haka kuma aka yi wa ta Fantoft. Asalinta daga ƙauyen Fortun ne, a ƙuryar fiyod na Sogn, kuma wani attajirin Bergen, Fredrik Gade, ya saye ta ya kai ta gonarsa a 1883, aka yi mata ado irin na Borgund. Ke nan abin da aka sake ginawa a 1997 kwafi ne na siffar 1883, wadda ita ma ba ita ce ta Fortun ba.

Ana ganin ɗaya gefen al'amarin a Undredal, ƙauyen masu kiwon awaki da hanyar mota ba ta kai gare shi ba sai a 1988. Majami'arsa ƴar ƙarama ce, faɗinta bai kai mita 4 cikakku ba, kujerunta kimanin 40, kuma an lulluɓe ta da farin katako daga waje. Wanda ya zo da hoton Borgund a kansa zai iya wuce ta bai gane ba, alhali ginshiƙan ƙarni na 12 suna nan a ciki, kuma mutanen ƙauyen suna amfani da ita. Mai ɗaukar hoton da ke neman dodanni kawai zai koma gida da rabin labari.

Hoto kuma yana iya zama makami. A 1993 wani matashin mawaƙi ya fitar da faifai mai suna “Aske”, wato toka, da hoton ƙonanniyar majami'ar Fantoft a bangonsa. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21 kan kisan kai da ƙona wasu majami'u, ko da yake ba ta same shi da laifin ta Fantoft ba. Bayan gobarar wancan zamani aka ƙara tsaro a majami'un katako: na'urorin gano hayaƙi, bututun feshin ruwa, da kamarorin sa ido. Haɗarin bai gushe ba. A watan Janairu na 2014, wuta da iska ta rura ta cinye gine-gine kimanin 40 a garin Laerdal, a bakin kwarin da Borgund take.

Wahalar aikin a yau

Na'urorin zamani sun sauke wa mai hoto nauyin tanti da gilashi, amma ba su raba shi da matsalar haske ba. Ta farko ita ce baƙi a gaban fari. Idan ya daidaita na'urarsa da hasken dusar ƙanƙara ko na sama, majami'ar za ta fito kamar inuwa, ba a ganin jerin fale-falen rufinta. Idan ya daidaita ta da bangon, sama da tsaunuka za su ƙone su zama fari. Shi ya sa masu gwaninta suka fi son ranar da gajimare ya rufe, ko bayan an ɗauke ruwa, lokacin da haske ke sauka daidai ko'ina kuma jiƙaƙƙen itace ke nuna jijiyoyinsa. Irin ranakun nan ba su da wuya a gaɓar teku, inda Bergen ke samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara. Amma Laerdal, da duwatsu suka kare, tana samun wajen milimita 500 kacal, kusan abin da Maraɗi ke samu a damina matsakaiciya. Busasshiyar iska kuwa abokiyar itace ce.

Ta biyu ita ce lokaci. A wannan yanki, yinin watan Yuni yakan kai awa 19, na Disamba kuma bai cika awa 6 ba, kuma akwai ƙauyuka cikin kwaruruka masu zurfi da rana ba ta leƙa su na tsawon makonni da hunturu. Ƙofar Urnes mai sassaƙa tana duban arewa, saboda haka yawancin shekara tana cikin inuwa. Da tsakiyar bazara, rana tana fitowa daga arewa maso gabas ta faɗi arewa maso yamma, kuma hasken da ke zuwa a kaikaice irin wannan shi ne ke fito da zurfin sassaƙa. Hasken da ya bugi itace gaba da gaba yakan shafe ta, dabbar da macijin su koma kamar zane a allo.

Ta uku ita ce cikin ɗakin. Asalin majami'un ba su da tagogi sai ƴan ramuka masu da'ira can sama kusa da rufi. Mai hoto yakan kafa na'urarsa bisa mariƙi mai ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa don ta tara ɗan hasken da ke akwai. Da fitila da aka riƙe a gefe kuma ake fito da rubuce-rubucen da mutanen da suka kankara a bangon Borgund da tsoffin baƙaƙensu na run. Ta huɗu ita ce girma: rufin hawa-hawa yana sa ginin ya yi kama da babban gida a hoto, alhali ƙarami ne. Sai an bar mutum ko ƙofar shinge ko dutsen kabari cikin hoton sannan mai kallo zai iya auna shi.

Akwai kuma hoton da ba a yi don kallo ba. Kowane itace yana ƙara zobe guda a cikinsa duk shekara, mai faɗi a shekarar albarka, siriri a shekarar wahala. Ta hanyar gwada jerin zobban nan da na wasu itatuwan da aka san shekarunsu, masana ke gane shekarar da aka sare gungume. Don kada a huda katakon da ya shekara 900, sukan ɗauki hoton zobban da ke bayyane a jikin allunan bango, su auna su a kan hoton. Tsakanin 2001 da 2015 hukumar kula da kayan tarihi ta Norwe ta gudanar da wani shiri na gyara majami'un nan 28 gaba ɗaya, kuma irin wannan bincike ya ƙara daidaita sanin shekarunsu.

Abin da ƙanƙara ke faɗa

Kimanin kilomita 30 daga garin Gaupne, a bakin fiyod na Luster, wani harshe na Jostedalsbreen yana saukowa cikin kwari. Sunansa Nigardsbreen, kuma ya samo sunan daga gonar Nigard da ya murƙushe a 1743, lokacin da Turai ke cikin wani zamani na sanyi. A 1748 ya kai iyakar ci gabansa, ya bar tudun duwatsu a wurin, wanda har yau ake gani. Dahl, mai ceton majami'u, ya zana shi a shekarun 1840 yana cike da kwarin. Knudsen ya ɗauki hotunan wasu kogunan ƙanƙara na yammacin ƙasar, masanin duwatsu John Rekstad kuma ya fara auna bakinsu yana ɗaukarsu wajen 1900. Daga shekarun 1930 wani tafki ya fara bayyana inda Nigardsbreen ya janye, kuma tun 1962 hukumar ruwa da makamashi ta ƙasar ke auna abin da yake samu da abin da yake asara kowace shekara.

Dabarar da masana ke bi mai sauƙi ce: su nemo daidai inda tsohon mai hoto ya tsaya, su dubi inda ya duba, su sake ɗauka, su jera biyun. Ba kullum labarin ke tafiya a miƙe ba. A shekarun 1990, bayan hunturu masu yawan dusar ƙanƙara, wasu harsunan sun ci gaba, musamman Briksdalsbreen. Bayan shekarar 2000 suka koma baya da sauri, har inda ƙanƙara take ya zama ruwa da dutse tsirara. Ba don hotunan da ke ɗauke da shekarunsu ba, da gardama ta yi yawa kan abin da ya faru.

Wannan ya shafi majami'un kai tsaye. Ɗumamar da ke narkar da ƙanƙara ita ce ke ƙara danshi: ruwan da ke sauka a Norwe ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari daga 1900 zuwa farkon wannan ƙarni. Itacen da ya daɗe a jiƙe cikin ɗumi shi ne abincin ruɓa. Masu kula da gine-ginen suna gwada hoton bango na bana da na shekarun baya don su ga inda kwalta ta ɓare, inda fale-fale ya tsage, inda gungume ya sunkuya.

Mutanen Damagaram ba su buƙatar dogon bayani kan wannan. A watan Satumba na 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Tsohon garin Agadas, wanda ya shiga jerin Unesko a 2013, jerin da Urnes take ciki, shi ma yana rayuwa ne da yaɓen da ake sabuntawa, kamar yadda majami'un Sogn ke rayuwa da kwalta. A duka wuraren biyu, ranar da gini ya faɗi, tambayar farko da magina za su yi ita ce wa ke da hotonsa, daga wane gefe, kuma na wace shekara.

Duk bazara baƙi suna sauka daga jirgin fito na Solvorn, su hau gangaren Urnes, su ɗauki hotuna da wayoyinsu fiye da abin da Knudsen ya ɗauka a rayuwarsa. Yawancinsu gefe guda ne, daga wuri guda: majami'a a gaba, koren ruwa a baya. Waɗanda za su yi amfani nan da shekara ɗari su ne na wanda ya zagaya bayan ginin, ya ɗauki gindin bango inda gungume ya haɗu da dutse, ya ɗauki gefen kudu inda rana ta cinye kwalta, sannan ya rubuta rana da wata da shekara, da inda ya tsaya.